Narambaɗa da Mutanensa: Abin da Takarda Ba Ta Ɗauka

Gabatarwa

Akwai wani hutu da na koma gida Tsamaye da aikin aji a cikin jaka. An ce kowane ɗalibi ya zaɓi waƙar baka guda ɗaya, ya rubuta ta, ya fito da turkenta da salonta, ni kuwa na zaɓi Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa. Na yi kwana uku ina sauraro ina rubutawa, har na gyara Hausar ta koma irin ta littafi don kada a ce ban san ƙa'idar rubutu ba. Da na gama sai na ɗauki takardun na nufi wurin wani ƙanen kakana, dattijo wanda a ƙuruciyarsa yakan je Isa kallon hawan Salla, ya kuma ga Narambaɗa ido da ido. Na zauna na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, yana saurare bai tanka ba. Da na dire sai ya ce, "To, ɗan boko, ka kawo min maganatai. Ina mutanenai?" Na ce, "Kaka, ai kalmomin duk suna nan, ban bar ko ɗaya ba." Sai ya yi dariya ya ce, "Wagga gawaw waƙa ta, tai ka binne ta."

A lokacin na ɗauka wasan kaka da jika ne kawai. Daga baya na gane sukar ta fi duk wadda malamina ya rubuta da jan biro a gefen takardar nauyi. Abin da nake so in nuna a wannan ɗan sharhi shi ne, rabin gwanintar Narambaɗa tana cikin yadda yake tafiyar da ƙungiyarsa ta makaɗa da 'yan amshi, kuma mu ɗaliban Hausa da muke nazarinsa a takarda wannan rabin muke zubarwa, sa'an nan mu ce mun san shi. Don maganar ta fito fili zan gwama shi da wani mawaƙi na baƙaƙen fatar Amurka, Jimmy Rushing, wanda shi ma ya yi rayuwarsa a gaban babbar ƙungiyar makaɗa, kuma kusan a zamani ɗaya.

Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Ibrahim Narambaɗa a garin Tubali, cikin ƙasar Isa ta wancan zamani, a ƙarshen ƙarni na 19. Sunan mahaifinsa Maidangwale, kiɗa kuwa ta wajen uwa ya gaje shi. Ana cewa laƙabin Narambaɗa ya samo shi ne daga wata karya da yake da ita mai suna Rambaɗa. Da kiɗan noma ya fara, watau kiɗan da ake yi wa manoma a gona ranar gayya don a zuga su. Wannan farko yana da muhimmanci ga maganarmu, domin makaɗin noma a fili yake aiki, ba bango ba rufi, kuma dole muryarsa ta kai ga mutumin da ke can ƙarshen kunya. A irin wannan makaranta mutum yake koyon ɗaga murya bisa ganga, da kuma sanin lokacin da zai yi shiru ya bar taro ya karɓa.

Daga gona ya shiga fada. Ubangidansa da duniya ta san shi da shi shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Ya kamata mai karatu ya tuna irin ƙasar da ake magana a kanta. Nan kusa da Sabon Birni kufan Alƙalawa yake, birnin Gobir da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin Jumhuriyar Nijar, wasu kuma daga baya suka zauna Sabon Birni. Gidan sarautar Isa kuwa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, amma sarautarsu Sarkin Gobir ake kiranta. Ƙasa ce ta kan iyaka, wadda kowane gida yake da tarihinsa na yaƙi da alfahari, kuma kowane basarake yana da 'yan'uwa masu hangen gadonsa. Makaɗin fada a irin wannan wuri aikinsa ya wuce nishaɗi. Shi ne mai tuna wa jama'a asalin sarki, shi ne mai kare shi da baki, shi ne kuma mai yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici.

Narambaɗa ya yi wa wasu sarakuna da hakimai da alƙalai waƙa, amma mafi yawan manyan waƙoƙinsa na Amadu ne, har da dokinsa Ɗanhilinge wanda aka yi wa waƙar Dokin Iska. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Abin da ya rage mana na muryarsa shi ne wanda aka ɗauka a na'ura a ƙarshen rayuwarsa, gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato suka yi ta sawa, daga nan ya shiga kaset, yau kuma yana cikin wayoyin mutane. Masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza sun yi aiki mai yawa a kan tarihinsa da waƙoƙinsa, har Bunza ya fitar da littafi sukutum mai ɗauke da sunansa a 2009.

Yadda ƙungiyar take aiki

Kayan kiɗan Narambaɗa kotso ne, wanda yake cikin kayan kiɗan fada tare da taushi da jauje da banga. Kotso baki ɗaya ake rufe masa da fata, ɗaya bakin a buɗe yake, yana da tsarkiya a jiki wadda ake matsawa don sauti ya hau ko ya sauka, kuma da hannu ake kaɗa shi. Tun da Hausa harshe ne mai karin sauti, ganga mai hawa da sauka tana iya bin magana sawu da sawu, har mai kunne ya ji take ko kirari daga gare ta ba tare da an buɗe baki ba. Ke nan tun kafin jagora ya furta kalma, kotso ya riga ya faɗa wa mutanen gari wanda za a yi wa waƙa.

Ƙungiyar makaɗin fada tana da jagora, da 'yan amshi waɗanda galibi su ne kuma masu riƙe da kotsanni, da sanƙira mai shigowa da kirari yana bayyana kyautar da aka yi. A wasu ƙungiyoyin har sarautu ake naɗawa, kamar Daudun Kiɗi, domin ƙungiyar ita ma wata 'yar fada ce mai manya da ƙanana. Waƙar kuwa tana da gindi, wato layukan da ake komawa gare su a kai a kai, da kuma ɗiya waɗanda suke ɗauke da yabo da tarihi da zambo da roƙo.

A nan ne bambancin yake. Idan mutum ya saurari Mamman Shata zai ji aikin 'yan amshinsa shi ne maimaita gindin waƙa, shi kuwa ya yi ta zuba ɗiya shi kaɗai, yawanci nan take yake ƙirarsu. Wannan gwaninta ce babba, kuma ita Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazari a digirinsa na uku a 1975. Amma tsarin Narambaɗa daban ne. Waƙoƙinsa shiryayyu ne, an zauna an tsara su an maimaita har sun zauna a ka. Saboda haka yakan ɗauko ɗa ya faɗi farkonsa, sai ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci ya faɗi layi su maimaita shi don ƙarfafawa, wani lokaci su raka shi su faɗa tare, wani lokaci kuma a yi ta miƙa wa juna magana kamar masu ɗora jinka, har a gangaro a sauka bisa gindin waƙa daidai inda kotso yake jira. Gusau a littafinsa na nazarin waƙar baka na 1993 ya ba irin waɗannan dabaru sunaye, kamar ƙari da rakiya da takidi da karɓeɓeniya, kuma duk ɗalibin Hausa ya haddace su don jarrabawa. Abin tambaya shi ne ko muna jin su da kunne.

Wannan rabon aiki yana canza ma'anar magana. Idan jagora shi kaɗai ya ce sarki ya fi abokan gabansa, ra'ayin mutum ɗaya ne wanda aka ba doki da riga. Idan kuwa ya fara faɗa, sai muryoyi da yawa suka karɓe suka ƙarasa tun bai gama ba, sai abin ya zama kamar magana ce da kowa ya riga ya sani, jagora tuni kawai ya yi. Haka kuma zambo. Sau da yawa jagora yakan kawo siffar wanda ake nufi ya tsaya, sai mutanensa su sauke masa sauran. Wanda aka yi dominsa yana zaune cikin taro yana jin jama'a ce take yi masa dariya, ga shi kuwa ba a ambaci sunansa ba balle ya kai ƙara. Ko a Bakandamiya, inda Narambaɗa yake wasa kansa yana nuna ya fi sauran makaɗa sanin waƙa, da shi kaɗai yake faɗa da sai a ce cika baki ne. Amma da yake wasu bakuna ne suke tabbatar masa, sai abin ya zama shaida.

Wani mawaƙi a ƙetaren teku

Bari mu bar Isa na ɗan lokaci mu leƙa Amurka, domin wani lokaci sai mutum ya dubi gidan maƙwabci yake gane fasalin nasa. A cikin kiɗe-kiɗen baƙaƙen fatar can akwai wanda ake kira buluz, waƙar ƙunci da soyayya da haƙuri wadda ta taso daga jikokin bayi a kudancin ƙasar, akwai kuma jaz, wanda ya fi ba da ƙarfi ga kayan busa da fiyano da ganguna. A shekarun 1930 da 1940 aka yi yayin manyan ƙungiyoyi masu makaɗa goma sha uku zuwa goma sha shida, kusan kamar badujala, suna kiɗa a manyan zaurukan rawa, kowace kuma da mawaƙinta.

Jimmy Rushing yana cikin fitattun irin waɗannan mawaƙa. An haife shi a birnin Okalahoma a 1901. Gajere ne kakkaura, har ana yi masa laƙabi da cewa tsawonsa ƙafa biyar faɗinsa ma ƙafa biyar. Ya yi waƙa da ƙungiyar Walter Page a ƙarshen shekarun 1920, sa'an nan ya koma ta Bennie Moten a birnin Kansas. Da Moten ya mutu a 1935, shekarar da Amadu ya hau gadon Isa, sai mai kaɗa fiyano Count Basie ya tara wasu daga cikin makaɗan ya kafa tasa ƙungiya, Rushing kuma ya zama muryarta. A 1936 suka tashi zuwa Niyok, inda sunansu ya game duniya, kuma ya zauna da su har ƙarshen shekarun 1940. Marubucin nan Ralph Ellison, wanda shi ma ɗan Okalahoma ne, ya rubuta yadda a ƙuruciyarsa yakan jiyo muryar Rushing da dare daga zauren rawa, tana ratso unguwa bisa ƙarar kayan busa. Duk wanda ya taɓa jiyo makaɗin noma daga gonar da ba ya hangowa ya san abin da ake nufi.

Ginin buluz mai sauƙi ne. Kowane ɗa yana da layi uku: a faɗi na farko, a maimaita shi, sai na uku ya rufe maganar. An raba kiɗan awo goma sha biyu, kowane layi awo huɗu. Amma mawaƙi ba ya cinye awon nan huɗu, kusan rabi yake ɗauka ya bar sauran fili. A cikin wannan fili ne masu busa suke ba shi amsa, ko dai duka tare da wani guntun kari da suke maimaitawa, ko kuma mutum ɗaya, kamar mai busa saksafon Lester Young, ya bi bayan muryar yana ƙarasa abin da ta bari. Yawancin kiɗan ƙungiyar Basie na farko ba a takarda aka tsara shi ba, a wurin gwaji aka haɗa shi aka riƙe da ka, kamar dai yadda makaɗan fada suke yi. Shi kansa Basie an san shi da ƙarancin taɓa fiyano, yakan bar fili ya saka sauti biyu ko uku a inda ya dace.

Idan aka rubuta kalmomin waƙoƙin Rushing a takarda za a ga ba su da yawa, kuma wasunsu tsofaffin layuka ne da mawaƙan buluz suke gada daga juna. Wanda ya karanta su kawai zai yi mamakin abin da ya sa ake girmama mutumin. Girmansa yana wurin da yake shigowa, ko ya riga kiɗa da kaɗan ko ya jinkirta, da yadda muryarsa take hawa bisa makaɗa goma sha wani abu ba ta nutse ba, da yadda yake sakin layi a daidai inda masu busa za su iya cafewa. Masu sharhin jaz sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa rubuta tarihin mawaƙi ba tare da sunan mai ganga da mai jita da ranar da aka ɗauki faifai ba. Kowa ya san Jo Jones ne mai gangunan Basie, Freddie Green ne mai jita, Walter Page ne mai babbar gurmin da ke riƙe da ƙasan kiɗa.

Wasu masana, kamar Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999, sun kawo hujjoji cewa wasu siffofin buluz sun fi kama da kiɗan ƙasashenmu na Sudan ta Yamma, har da na Hausa, fiye da na bakin teku. Wannan magana ce mai daɗin ji, amma hujjata ba ta dogara da ita ba. Narambaɗa da Rushing ba su san juna ba, kuma abin da suke waƙa a kai ya sha bamban: ɗaya sarauta yake ɗaukakawa, ɗaya kuwa kukan talaka yake yi wanda mace ta guje shi ko aljihu ya bushe. Abin da ya haɗa su shi ne sana'a, watau tsayuwa a gaban taron makaɗa da sanin yadda ake raba magana da su.

Abin da muke zubarwa

To, mu dawo ga takarduna da Kaka ya kira gawa. Laifi na farko da na yi shi ne na rubuta waƙar kamar baki ɗaya ne ya faɗe ta. Ban nuna inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa ba, kuma duk inda aka maimaita gindi ko wani layi sai na tsallake, wai don kada a ɓata takarda. Da haka na mayar da waƙar fada rubutacciyar waƙa, irin ta Sa'adu Zungur ko Aƙilu Aliyu, na kuma auna ta da ma'aunin da ba nata ba. Maimaicin da na ɗauka cikon banza ne, shi ne ginshiƙin da sauran suke rataye a kai.

Laifi na biyu shi ne gyaran Hausa. Narambaɗa da Hausar yamma yake waƙa, ta Sakkwato da Gobir da Zamfara. Inda Bakano zai ce "suka", shi "sunka" zai ce. Inda za a ce "ya tafi", shi "yat tahi" zai ce. Wannan ya wuce bambancin lafazi. Gaɓar farko ta "suka" gajera ce, ta "sunka" kuwa mai nauyi ce, kuma a bisa nauyin gaɓoɓin nan aka ɗora bugun kotso. Duk wanda ya daidaita Hausar ya karya raujin waƙar, ko da bai taɓa ma'anarta ba. Ko sunan dokin nan Ɗanhilinge, da za a bi ƙa'idar littafi sai a mai da shi Ɗanfilinge, alhali ba wanda ya taɓa kiransa haka a Isa.

Laifi na uku ya fi sauran girma, kuma ba ni kaɗai nake da shi ba. Na rubuta shafi goma a kan hikimar Narambaɗa ban ambaci sunan ɗan amshi ko ɗaya ba, ban ma tambaya ba. Mun saba cewa "Narambaɗa ya ce", ko da layin daga bakin mutanensa ya fito. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in mun zo rubutu sai mu ba hannu ɗaya ladan ɗaukar. Waƙar da aka zauna aka tsara da mutane da yawa, aka yi ta gwadawa ana gyarawa, da wuya a ce babu gudummawar kowa a cikinta sai ta jagora. Tarihin Musa Ɗankwairo ya isa misali, domin shekaru ya yi yana amshi a bayan wansa Kurna a Maradun kafin ya zama jagora. Ashe bayan jagora makaranta ce, kuma a cikin masu amshi akwai gwanaye.

Faɗin haka ba rage wa Narambaɗa daraja ba ne. Zurfin tunaninsa a kan mulki da ƙaddara da juyin zamani, da yadda yake ɗauko hoton giwa da zaki da gulbi ya gina mutum da su, da iya saƙa karin magana cikin yabo, duk suna nan, kuma takarda tana iya nuna su. Sai dai a ƙara masa wata daraja da muka manta, ta shugaban ƙungiya wanda ya horar da mutane har suka san numfashinsa. Kuma mai sharhi na gaskiya dole ya faɗi inda abin yake da rauni. Akwai ɗiyan da roƙo ya yi musu yawa, ana lissafa doki da riga da kuɗi har tunani ya tsaya. Akwai kuma zambon da aka yi wa mutanen da ba su da makaɗin da zai rama musu, waɗanda laifinsu kawai shi ne sun nemi sarautar gidan ubansu. A irin waɗannan wurare daɗin amshi yakan rufe mana ido, mu yi ta gyaɗa kai ga maganar da in a tsirara aka faɗe ta ba za mu yarda da ita ba. Wannan ma dalili ne na sauraron ƙungiyar da kyau, domin a san lokacin da kiɗa yake taimakon gaskiya da lokacin da yake rufe rashinta.

Makomar manyan ƙungiyoyi

Babbar ƙungiya baki gare ta da yawa, sai da mai ciyarwa. A Amurka zaurukan rawa ne suke ɗauke da su. Yajin aikin ƙungiyar makaɗa na 1942 zuwa 1944 ya hana su ɗaukar faifai, alhali mawaƙa suna iya ɗauka, sai sunan mawaƙi ya fara rufe na ƙungiya. Ga harajin da aka ɗora wa wuraren rawa a 1944, ga tsadar yawo da mutane da yawa. A ƙarshen 1946 manyan ƙungiyoyi da dama suka watse, har da ta Benny Goodman da ta Woody Herman. Basie ya daure har 1950, sa'an nan ya rage mutanensa, ya sake tara babbar ƙungiya bayan shekara biyu, wadda Joe Williams ya zama mawaƙinta daga 1954 zuwa 1961. Rushing kuwa ya ci gaba da ƙananan ƙungiyoyi da ɗaukar faifai har ya rasu a Niyok a 1972.

A ƙasarmu fada ce mai ciyarwa. Sarki ne mai ba da gida da gona da doki da tufafi, shi ya sa jagora yake iya riƙe mutane shekara da shekaru suna gwaji tare. Narambaɗa ya rasu wannan tsari yana tsaye. Bayansa, a ƙarshen shekarun 1960, gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke sauran iko da baitulmali. Makaɗan fada da suka rage sai suka faɗaɗa, kamar Ɗankwairo wanda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, daga baya kuma attajirai da manyan ma'aikata, har ya rasu a 1991. Yau mawaƙi yakan shiga ɗakin ɗaukar sauti shi da mai fiyano ɗaya, a ɗauki amshi sau ɗaya kwamfuta ta yi ta liƙa shi. A cikin masu yin haka akwai masu fasaha, amma amshin da na'ura take maimaitawa ba ya jin jagora, balle ya tarbe shi.

Kammalawa

Abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu abu uku ne. Na farko, duk wanda zai rubuta waƙar fada ya nuna bakin da ya faɗi kowane layi, ya bar maimaici yadda yake, ya kuma bar Hausar mai ita. Na biyu, kada a karɓi nazarin waƙar baka daga ɗalibin da bai kawo sautin tare da takarda ba, kuma a riƙa sauraro a cikin aji kafin a fara maganar turke da salo. Na uku, mu da muka fito daga wannan yanki mu nemi dattawan da suka ga ƙungiyar da idonsu, da zuriyar waɗanda suka yi amshi a cikinta, mu rubuta sunayensu da abin da suka riƙe.

Na ukun nan shi ne mai gaggawa. Wanda ya ga Narambaɗa yana saurayi yau ya haura tamanin. Ga kuma halin da ƙasar Isa da Sabon Birni ta shiga na 'yan bindiga, wanda tun 2019 ya kori dubban mutane zuwa Jihar Maraɗi, har ya kai ga kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannunsu a watan Agusta na 2024. Garuruwan da ya kamata a je a yi tambaya wasunsu sun watse, dattawan kuma suna can inda gudun hijira ya kai su. Ni dai na koma wurin Kaka da waya a hannu maimakon takarda, na kunna masa waƙar, na ga yana shigowa daidai inda 'yan amshi suke shigowa, bai kuskure ko sau ɗaya ba, bayan shekara fiye da sittin.

Allah ya jiƙan Narambaɗa da mutanensa, ya kuma kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.